Jaba da Kafar Fitar Sanyi

Ku matso bakin murhu, ku ja mayafi, ga wata tatsuniya nan ta biyo iska ta zo muku.

Ita dai Jaba kun san ta: 'yar mitsitsiyar aba kamar ɓera, ga wari, ga baki. Duk kaka dabbobi na saran itace suna jibgewa, ita tana kwance a inuwa tana raba shawara. Raminta ma ruwa ya rushe shi tun cikin marka, ko kallonsa ba ta yi ba. Sai da sanyi ya fara cizon kunne sannan ta tuna ba ta da ɗaki, ba ta da ko tsinken hura wuta. A shekarar kuwa itace ya yi wuya ƙwarai. Jaba ta san in ɗari ya kankama ya same ta a fili, gawarta za a tsinta a ƙame.

Can sai ta fashe da dariya. "Ni Jaba in mutu da sanyi, alhali wawaye na da wuta? Ai da an yi abin kunya!"

Da gari ya waye ta faɗa kududdufi ta yi birgima cikin laka har warinta ya ɓuya, ta ɗaura tsumma a ka, ta nufi gidan Gwanki. Ta same shi gaban wuta, mura ta toshe masa hanci, iska na shiga ɗakin ta ko'ina kamar kwando.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "ni ce Magajiyar Yaɓe, daga ƙasar da ruwa ke daskarewa a randa. Wa ya sa ka ɗumama dawa da itacenka?"

Gwanki ya yi atishawa. "Dawa kuma? Ɗakina nake ɗumamawa."

"Ina! Dubi tsagar bangon nan, dubi ƙarƙashin ƙofa, dubi jinka. Kowace kafa itace take ci. Tashi mu yi aiki."

Aikin nan fa na "mu", Gwanki ne ya yi shi tas. Shi ya kwaɓa ƙasa da ciyawa, ya yaɓe tsaga, ya ƙara shuci a jinka, ya rataya tsohon bargo a ƙofa. Ita kuwa tana bisa turmi tana nuni da ƙafa. Da ya zo kan wata 'yar kafa a bayan murhu, sai ta daka masa tsawa.

"Kul! Sanyin da ya riga ya shiga, ta ina kake so ya fita? In ka rufe shi ciki, da kai zai kwana. Ka bar masa hanya, kuma kullum da yamma ka ajiye masa tuwo a bakinta, ya ci ya kama gabansa."

Da gari ya waye Gwanki ya tashi jiki da ɗumi, itacensa ko rabi bai ƙone ba, akushi kuma fes. Ya fita yana shela: "Wallahi sanyi ya ci ya tafi!" Sanyin kuwa, wato Jaba da ta sulalo ta kafar da dare, yana nan bayan murhu ya miƙe ƙafa, yana sakace haƙori yana cewa, "Ban sara ba, ban ɗauko ba, amma ni ce kusa da wuta!"

To, shi ciki ba ya godiya. Ba a jima ba tuwo ya ishi Jaba, ta sake shafa laka ta wuce gidan Kura. Nan ma aka yi yaɓe, aka rataya tabarma a ƙofa, aka bar kafa. Sai dai Kura ta ɓata rai da jin zancen abinci.

"Shi sanyin nan ba ya cin ƙashi?"

"Haba Yaya! Sanyin gidan manya ai tsoka yake ci. Ki ba shi ƙashi, ya yi fushi ya kwaso danginsa?"

Kura ta yanko tsoka tana ƙunƙuni. Jaba ta yi ta ci tana ƙiba, ba wanda ya ji ɗuriyarta, don warin ɗakin Kura ya isa ya ɓoye jaba da 'ya'yanta da jikokinta.

Labari ya kai kunnen Damisa, ta aika a kira Magajiyar Yaɓe. Da Jaba na da hankali da ta ce ba ta da lafiya, don Damisa ga tsafta, ga rowa, ga hanci. Amma an ce mata a gidan balangu ake gasawa, sai ga ta ta sha laka tana rangaji. Aka yaɓe ɗaki tsaf, aka bar kafa, aka ajiye wa sanyi rabonsa.

Da gari ya waye Damisa ta ga akushi fes, abin ya tsaya mata a rai. Ta durƙusa bakin kafar, sai ta ji iska na kaɗa mata gashin baki. Shigowa take, ba fita ba.

"Ashe! Magajiyar da bakinta ta ce kowace kafa itace take ci. To wannan har da nama take haɗawa."

Ta ɗebo sauran kwaɓin ta liƙe kafar, ta saki bargon ƙofa, ta ƙara wuta. Jaba na can lungun murhu tana sharar barci, ciki ya yi tim. Ɗaki ya ɗau zafi, lakar jikinta ta bushe ta fara zuba, wari ya tashi. Ya nemi tsaga, babu. Ya nemi ƙarƙashin ƙofa, babu. Sai ya zarce hancin mai gida.

Damisa ta ture itace, ga baƙuwa kwance. Jaba ta zabura ta nufi kafarta, ta yi karo da bango, gwaf! Kafin ta juyo an damƙe mata hanci.

"Ke wace ce?"

"Ranki ya daɗe, ni ce sanyin. Godiya na tsaya yi."

"Madalla. Yau ni zan raka ki."

Damisa na ja, Jaba na turjewa, hanci na miƙewa. Can warin ya fi ƙarfin Damisa, ta sake ta don ta yaye bargo ta sha iska. Jaba ta bi ta tsakanin ƙafafunta, wuf, ta bar rabin gashin bayanta a farcen Damisa.

Ta ɗingisa zuwa gidan Kura, ta tarar ihun Damisa ya riga ta, an liƙe kafa. Ta je gidan Gwanki, nan ma ɗanyen yaɓe ta samu, tana jin minsharinsa daga ciki. Duk dawa kowa na cikin ɗumi, itace na auki, sai malamar da ta koyar ce a waje haƙora na kaɗawa.

Kuna tsammani ta yi nadama? Ta shafa dogon hancinta ta ce, "Ɗalibai sun ƙware, aikina ya yi kyau! Saura 'yan Adam, su da ba sa duba ƙarƙashin ƙofa."

Nan tatsuniyar ta tsaya. Kai da ke kusa da ƙofa, tashi ka tura tsumman nan, na fara jin wani wari.