Tuwon Tsallaken Kwari

An ce a tsofaffin littattafai, ni kuwa a bakin surukata na ji, akwai wani kwari mai kurmi tsakanin duwatsu biyu, kogi na gudu a ƙasansa. Ƙauyukan kan duwatsun nan suna jin tarin juna, amma hanya sai ta gangara kurmi, ta bi gaɓar kogi har mashigi can nesa, sannan ta sake hawowa.

An ce wani farken goro mai suna Tanimu ya sauka a dutsen gabas da yunwa. Sai ya hango Nomau, wani magidanci a dutsen yamma, da akushi a gabansa. Nomau ya ɗaga murya yadda suka saba, ya ce, "Baƙo, bismilla!"

Tanimu ya kora jakinsa ya kama hanya. Ya yi kwana da kwanaki, ƙaya ta yage masa riga, jaki ya zame a mashigi, goro ya bi ruwa. Da ya iso, an ma manta da miyar da aka yi ranar.

Ya kai ƙara gun Sarki Tunau, ya faɗi ya ce, "Allah ya ja zamaninka, mutumin nan ya kira ni cin tuwo, gorona ya bi ruwa a hanya, sai a sa shi ya biya ni da saniyarsa."

Nomau, wanda saniyar ke nan gare shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, a nan murya ce ke ƙetarewa, ƙafa ba ta yi. Kakana ya taɓa zagin wani daga tsallake. Mutumin ya ɗauko kulki ya taho. Kafin ya iso ya manta abin da ya kawo shi, sai ya nemi auren gwaggona."

Sarki ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce wa Tanimu, "Saniya ta zauna. Kai da ka ɗanɗana hanyar nan, me ka gani?"

Tanimu ya ce, "Na ga kurmi cike da igiyoyin itace. A ɗaura kadarko daga dutse zuwa dutse."

Aka ɗaura, Sarki ya mayar masa da goro, ya naɗa shi Sarkin Hanya.

Masu hikima suka ce, kafin ka amsa kira, tambayi hanya. An ce tun ranar, mutanen kwarin nan a ɗaki suke cin tuwo, kuma a hankali suke bismilla.