Kaurar Kurege a Siton Hukuma

Ga ta nan, ga ta nanku, ga ta da ɗuminta.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wata shekara aka yi fari a daji. Ruwa ya sauka sau biyu ya ɗauke, shuka ta bushe tun tana iya gwiwa, yunwa ta shiga kowane rami da kowane kogo. Da abin ya yi tsanani sai Zaki, sarkin daji, ya sa aka yi shela cewa hukuma za ta buɗe sitonta, a riƙa ba kowane gida tiya guda ta masara duk mako. Amma ba kowa da kowa ba, sai wanda rumbunsa ya ƙare ƙaf. Mai so ya je wurin Malam Kunkuru magatakarda, ya rantse, ya dangwala yatsa a takarda, sannan Tururuwa su zo gidansa su duba. Wanda aka kama da rantsuwar ƙarya kuwa, a guntule masa wutsiya a bainar jama'a.

To, akwai Kurege. Shi rumbu uku gare shi, cike maƙil da jar kaura da ya tara shekara da shekaru, kada ku tambaye ni daga gonar wa. Da ya ji shela sai ya kasa zama. Ya shiga, ya fita, ya shiga, ya fita.

Matarsa Lantana ta ce, "Maigida, lafiya?"

Ya ce, "Ina lafiya, ana rabon abinci babu sunana?"

Ta riƙe baki. "Kai mai rumbu uku? Tiya guda ce fa!"

Ya ce, "Kyauta ce, Lantana. Kyauta! Ko ba ki ji wannan wurin ba?"

Ta ce, "Na ji. Na kuma ji wurin wutsiya."

Kurege ya shafa wutsiyarsa, don duk duniya ba abin da yake taƙama da shi kamarta. Ya zauna yana tunani. Ya ɓoye kaurar a rami? Tururuwa za su shinshino. A kogon kuka? Za su hau. A gidan surukai? Wannan ai gara ma Tururuwan. Can sai ya yi tsalle ya buga cinya.

"Lantana, duk dajin nan wane ɗaki ne masu bincike ba sa bincikawa?"

Ta ce, "Wanne?"

Ya ce, "Nasu!"

Nan take ya ɗaga turmi, ya fara haƙa a ƙarƙashinsa. Ya haƙa, ya haƙa, ya haƙa, har ya ɓullo a cikin siton hukuma ta can ƙurya. Ya leƙa, sai ya yi salati. Buhunan masara layi biyu ne kawai a bakin ƙofa, an jera su har sama don su tare ido. Bayansu kuwa fili ne fetal, sai ɓawo da kashin Burgu, wato ma'ajin da aka ba tsaron siton.

Kurege ya ce, "Innalillahi! Abincin talakawa? Kai, duniya ta lalace, babu sauran amana." Ya girgiza kai don takaici, sannan ya auna filin da ido ya ga zai ɗauki rumbu uku daidai.

Ya kwasa, ya kai, ya dawo. Ya kwasa, ya kai, ya dawo. Kwana bakwai yana abu ɗaya, har bayansa ya sage. Da ya gama ya share rumbunan tas, ya shafa toka a fuska, ya ɗaure ciki da igiya, ya nufi wurin Malam Kunkuru yana tangaɗi.

Malam Kunkuru ya ɗago kai a hankali. "Suna?"

"Kurege, Allah gafarta Malam."

"Me ya rage a rumbunka?"

"Ko ƙwaya ɗaya."

"Ka rantse?"

"Na rantse, ko ƙwaya ɗaya."

Ya dangwala yatsa, aka ba shi kati. Washegari Tururuwa suka zo a jere. Suka shiga rumbu na fari, ko ƙwaya ɗaya. Na biyu, ko ƙwaya ɗaya. Na uku, ko ƙwaya ɗaya. Kurege yana murna a ransa, yana jira su fita ya fara kwaso abinsa.

Sai babbarsu ta ce, "Malam Kurege, ka cancanta. Amma rumbunan nan naka suna ƙanshin abin da bai daɗe da tashi ba. Za mu zauna a tsakar gidanka har ranar rabo."

Suka kuwa zauna, a gindin turmi ma. Kwana uku Kurege da Lantana suna kallon juna, ciki yana kuka. Yunwar da ya shafa wa toka ta zo da kanta.

Ranar rabo daji ya taru kaf. Zaki ya zauna, Malam Kunkuru ya buɗe takarda. Ma'aji Burgu ya zo da mabuɗi, gumi yana zuba, don ya san abin da ya bari a ciki. Aka fitar da masara layin farko, aka fitar da na biyu. Burgu ya rufe ido yana kalmar shahada. Sai ga jar kaura ta kwararo, shaaa, ta binne shi har wuya.

Burgu ya buɗe ido, ya duba, ya sume.

Giwa ta saki hanci ƙasa. Biri ya faɗo daga reshe. Zaki kansa ya miƙe tsaye, baki buɗe.

Ya ce, "Malam Kunkuru, kai ne babba a cikinmu. Ka taɓa jin an zuba abu a siton hukuma ya ƙaru?"

Kunkuru ya ce, "Ranka ya daɗe, shekarata ɗari da arba'in. Na ga ya ragu, na ga ya ɓace, na ga an ce gara ta cinye har da ƙofar ƙarfe. Amma ya ƙaru? Ban taɓa ji ba, kakana ma bai ba ni labari ba."

"Masara muka zuba kuma, ba kaura ba!"

"Masara, ranka ya daɗe."

Jama'a suka ɗauki salati. Wasu suka ce aljanu ne, wasu suka ce tashin duniya ya zo. Zaki ya daka tsawa ya ce a bincika. Tururuwa suka shiga sito a karo na farko tun da aka gina shi, suka ga rami a ƙurya, suka bi shi, suka bi shi, suka ɓullo a ƙarƙashin turmin Lantana.

Aka fizgo Kurege daga cikin layi, katinsa a hannu. Kura, wadda ita ce mai yanka, ta fara wasa wuƙa a dutse.

Zaki ya ce, "Rami daga gidanka zuwa sitona. In sata ka je yi, kanka zai tafi. In kaurarka ce ka ɓoye ka zo ka rantse, wutsiyarka za ta tafi. Wanne ne?"

Kurege ya dubi wuƙa. Ya dubi wutsiyarsa. Ya dubi kaurarsa, ja jawur a rana, wahalar shekara da shekaru. Wallahi na tausaya masa a wannan wuri, duk da halinsa. Hawaye suka zubo masa, na gaske, ba na toka ba.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, kun tona mini asiri. Kaurata ce. Na ga jama'a suna mutuwa, na kasa barci, na kwashe duk abin da na mallaka na kawo gudummawa ta ƙarƙashin ƙasa, don kada kowa ya sani. Da na rantse ba ni da ko ƙwaya ɗaya, na riga na bayar."

"Duka?"

Kurege ya sake duban kaurarsa. "Duka."

Kai, ku zo ku ga kuka! Giwa ta rushe da kuka, Ɓauna tana share hawaye, Kura ta jefar da wuƙa ta ce a yafe mata. Burgu ya farfaɗo, ya ji yadda zance ya juya, ya fi kowa ɗaga murya, yana cewa shi dama ya daɗe yana ganin hasken alheri a goshin Kurege. Lantana kuwa ta zauna a ƙasa daɓas.

Zaki ya ce, "Irin wannan bawan Allah ba a barinsa haka. A kawo rawani!" Nan take aka naɗa shi Garkuwan Mayunwata. "Kuma abin kunya ne a gare mu a ga mai sarauta a layin masu karɓa. Malam Kunkuru, karɓi katin nan, ka soke sunansa. A ba shi tiya, shi zai auna wa jama'a da hannunsa mai albarka."

Haka aka yi. Ya ɗiba, ya cika, ya juye. Ya ɗiba, ya cika, ya juye. In ya so ya shafe bakin tiya sai jama'a su ce, "A yi tozo, Garkuwa, hannunka ba ya rowa!" Har Burgu ya miƙo buhu, da katinsa. Wata ƙwaya ta faɗi ƙasa, Kurege ya sunkuya zai tsinta, fadawa suka riƙe shi, "Hattara, Garkuwa! Mai rawani ba ya tsintuwa."

Mako ya bi mako, kaura ta ƙare a hannunsa, tukunyar Lantana ba ta ga ko tsaba ba. Ran nan ya lallaɓa wurin Malam Kunkuru, rawani ya yi masa nauyi.

Ya ce, "Malam, don girman Allah ka mayar da sunana. Wallahi tallahi babu komai a gidana. Yunwa nake ji."

Tun da uwarsa ta haife shi, ran nan ya fara faɗin gaskiya tsantsa. Malam Kunkuru ya dube shi, ya ƙyalƙyale da dariya har ya kife a bayansa, ƙafafu a sama.

"Kai, Garkuwa, ranka ya daɗe, ba ka rabuwa da barkwanci! Dama ina nemanka. Sarki ya ce a tambaye ka, gudummawar baɗi rumbu nawa za a rubuta?"

Ƙurunƙus kan ɗan burgu. Wanda duk zai yi ƙaryar yunwa a cikinku, ya tabbata ya ci ya ƙoshi tukuna.