Zif Ɗin Sukari Na Mama Ulonma

Akwai wata mata a unguwar Ali Kazaure mai suna Ummusalma, sana'arta yin kek. Aure ne ya kawo ta Jos. Mahaifiyarta ta rasu, mijinta Gwadabe kuma direban tirela ne, sai ya yi makonni yana hanya. Wuni take daga ita sai rediyo, ga tsohon ciki.

Wata rana wata Obianuju ta kira ta daga Legas.

"Mamana za ta cika shekara saba'in. Da can jakunkuna take sayarwa a kasuwa. Ki yi mata kek mai siffar jakar hannu, ki kai mata unguwar Congo-Russia. Aiki ya riƙe ni."

Jikin jakar bai ba ta wahala ba. Zif ɗin ne ya so ya sa ta kuka. Ta murza kwaɓin sukari siriri, tana fitar da haƙoran da tsinke, sanyin Jos yana busar da shi kafin ta kai ƙarshe. Ya tsage, ta sake. Ƙafafunta suka kumbura don tsayuwa. Da ya yi kyau ta shafa masa kalar zinare irin ta abinci, ta liƙa ɗan abin jan a gefe.

Da la'asar ta shiga keke ta kai. Niyyarta ta miƙa ta juya.

Ta tarar da mahaifiyar Obianuju, Mama Ulonma, ta ci ado, ta jera kujerun roba a tsakar gida. Babu kowa a kansu.

Tsohuwar ta buɗe kwalin, ta kai hannu ta ja zif ɗin. Abin jan ya ɓalle a yatsunta.

"Chineke! Na ɓata jaka!"

"Mama, sukari ne. Ki sa a baki."

Ta ɗanɗana, ta yi dariya har da tafi. Can dariyar ta tsaya. Ta dubi kujerun.

"Yarana duka sun tafi. Ƙawayena wasu sun mutu, wasu sun koma gida. Wa zai ci wannan da ni?"

Mai keke yana ta hon a waje, bayan Ummusalma yana ciwo. Ta leƙa ta sallame shi, ta dawo ta ja kujera.

"Kawo wuƙa, Mama. Ni zan ci."

Suka yi ta hira har aka kusa kiran magariba.

Bayan wata guda Ummusalma ta haihu, Gwadabe yana can hanyar Fatakwal. Ta dawo daga asibiti ɗaki babu kowa. Jariri yana kuka, ita ma tana yi, ko ruwan zafi babu mai dafa mata.

Sai ta ji sallama da wata irin Hausa da ta gane. Mama Ulonma ce, da kular farfesun kaza da ƙullin kayanta. Wai ta kira ne su gaisa ba a ɗauka ba, hankalinta ya ƙi kwanciya, ta yi ta tambaya har ta gano gidan.

"Mama, ke da ciwon gwiwa?"

"Yi shiru. Ba ni jikana. Ina tukunyan ruwa?"

Ba ta koma gidanta ba sai bayan suna.

Darasi: Wanda ke zaune shi kaɗai, zamanka da shi ya fi masa duk kyautar da za a aiko. Kada gaggawa ta hana ka jan kujera. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani ya tuna da tsohuwar da ke jiran sallamarsa.