Jar Kuɓewar Marigayiya

Akwai wani tsohon direban babbar mota da kowa ke kira Baba Direba. Matarsa ta rasu, ta bar masa ɗan lambu a bayan ɗaki da kwalba ɗaya ta irin jar kuɓewa. Daga hannun mahaifiyarta ta gaji irin nan, ba a samun sa a kasuwa. Abin da ke cikin kwalbar shi kaɗai ya rage.

Da ruwa ya sauka, Baba ya zazzage kwalbar kaf ya shuka. Ko ƙwaya ɗaya bai bari ba.

Matar ɗansa, wadda suke gida ɗaya, ta durƙusa a bakin lambun ta ce, "Baba, da an rage rabi. Inna ba ta shuka shi duka."

Ya ce, "Ke ce za ki gaya min yadda matata take yi?"

Ta tashi ta koma ciki. Amma jama'a, mu faɗi gaskiya, Baba bai san yadda take yi ba. A kan titi ya ƙarar da ƙuruciyarsa, sai dai ya dawo ya tarar da miya a kwano. Surukar nan ce kullum take lambun tare da marigayiya.

Tsiro ya fito gwanin sha'awa. Baba yakan ja kujera ya zauna yana kallo, wani lokaci har magana yake yi musu.

Sai ga ƙwari sun sauka. Wasu 'yan mitsi-mitsi ne baƙaƙe masu sheƙi, da ka kai hannu sai su yi tsalle kamar ƙuma. Huda ganye suke yi. Shukar da ta girma takan jure, amma ɗan tsiro mai ganye biyu ba ya kai labari.

Surukar ta sake zuwa. "Baba, ka bar ni in kwashe busassun ganye da ciyawar da ke gindinsu, can suke ɓuya. Da sassafe in barbaɗa toka tun raɓa ba ta bushe ba, in fesa ruwan ganyen dogon yaro."

"Toka? A kan shukar matata? Kada ki kuskura ki taka min lambu!"

Ɗansa ya so ya sassauta shi da wasa, ya ce, "Baba, wannan fa ba injin mota ba ne." Kallo ɗaya tsohon ya yi masa, ya kama gabansa.

Baba ya yi tasa dabarar. Ya ɗauko tsohon gidan sauro, ya kakkafa sanduna, ya lulluɓe lambun ruf. Ya bi gefe-gefe ya danne da duwatsu da ƙasa. Ya karkaɗe hannu ya ce, "To, in ga ta inda za su shiga."

Surukar ta leƙo daga ƙofar kicin. "Baba, don Allah ka yi haƙuri. Kafin su zo ake rufewa. Yanzu suna ciki."

Ya yi kamar bai ji ba.

Wayyo, tsohon nan da hannunsa ya kulle ƙwarin tare da abincinsu. Ƙadangare da tsuntsu masu ɗan rage su ma ya hana su shiga. Ta saman ragar yake zuba ruwa, ga ta ta yi ƙura, ga idonsa ya yi rauni, bai ga abin da ake ciki ba.

Bayan 'yan kwanaki ya ɗaga gefe guda don ya ga girman da suka yi. Ƙwari suka watso masa a fuska. Ganyen da suka saura sun zama kamar rariya, sauran kuwa tsinke ne kawai a tsaye.

Ya zauna daɓas a ƙasa.

Surukar ta fito da gudu. Wannan karon bai hana ta ba. Ta bi layi-layi da rarrafe tana duba kowane tsiro, ko za a dace da mai sauran rai.

Ya ce, "'Yata, ko ɗaya?"

Ta girgiza kai, hawaye na zuba.

Ya ce, "Duk zaman da muka yi da ita, ban taɓa tsayawa na ga yadda take yi ba. Ke kika gani, ke kuma na kora." Kukan da Baba ya yi ranar, ko ranar da aka kai matarsa bai yi irin sa ba.

Daga baya ɗansa ya sayo wani iri a kasuwa, surukar ta shuka, ya yi 'ya'ya sosai. Amma duk ranar da aka yi miya da shi aka kai wa Baba, sai ya rufe kwanon ya ce ya ƙoshi.

Darasi: Son abu ba shi ne sanin yadda ake kula da shi ba. In wanda ya sani ya yi maka magana, ka saurara ko da ka haife shi, domin akwai asarar da ba a mayar da ita. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai lambun da zai tsira da nasa.