Telekomandin da Baiwa Ta Ƙulle a Bakin Zane

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Yau ba farashin gyaɗa na kawo muku ba, labari ne, kuma ba mai daɗin faɗa ba. Ku yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko.

Akwai wata mata a Matamaye, sunanta Baiwa. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Duk mai kawo gyaɗa daga Ɗan Barto ya san ta. In ta taya buhu ba ta ƙarawa, ko ka sallama ko ka mayar da kayanka kan amalanke. Ba ta tauye mudu, wannan kam a faɗa mata gaskiyarta. Amma ba wanda ya taɓa jin ta ce "ban iya ba".

Mijinta ya rasu shekara huɗu ke nan. Ba zan kama sunansa ba. Allah ya jiƙansa.

Autanta Idrisa yana zuwa cin rani Kano. Wata shekara ya dawo da akwatin wasa na hannu, irin wanda ake haɗawa da tele samari su buga ƙwallo. Akwatin yana kunna fim kuma. Idrisa ya zuba wa uwarsa fina-finai da wa'azi a ciki. Sannan ya zuba wani bidiyo da ya ɗauka da salularsa a kakar ƙarshe da mahaifinsa ya gani a duniya. Daga baya aka sace salular a tasha. Saboda haka bidiyon nan babu shi ko'ina sai cikin akwatin.

Abin da samari ke riƙewa da hannu biyu suna latsawa, Baiwa ta ce mai ƙaho ne kamar kan rago, ba na manya ba ne. Sai Idrisa ya nemo mata telekomandi siriri, wato rimot mai aiki da pil (batir), na kallon fim kawai. Da yake ba ta karanta rubutun tele, ya koya mata da ƙidaya: jan madanni sau ɗaya, dama sau huɗu, ƙasa sau biyu, sai na tsakiya. Ya kuma nuna mata wani madanni mai kibiya biyu, ya ce in ta danne shi hoto zai yi gudu.

Ta naɗe telekomandin a leda, ta ƙulle shi a bakin zanenta. Da shi take zuwa kasuwa, da shi take zuwa gaisuwar mutuwa. Ba mai taɓa shi.

Bari in gaya muku abin da ke cikin bidiyon. Da farko 'yan ƙwadago ne suna sauke dammunan hatsi daga amalanke suna kaiwa rumbu. Bayan su sai maigidan, wanda kowa ke ce wa Malam, yana zaune a gindin rumbu, hula a gwiwa, dammuna jibge a bayansa. Yana dariya yana ce wa Idrisa ya kawar masa da abin nan daga fuska. Sannan ya ɗaga murya ya ce:

"Ina uwar gidan? A kawo wa mutanen nan fura. Ku ce mata kada ta auna musu da ludayi, yau ba kasuwa ba ce."

Shi ke nan. Bai kai tsawon dafuwar shayi ba. Amma muryarsa ba ta rage ko'ina ba sai nan.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki, aka rufe iyaka, Idrisa ya maƙale a can. Kuran, wato wutar lantarki, ya koma sai ya ga dama, wani lokaci kwana uku ba a gan shi ba. Ga shi ruwa ya ɗauke daidai lokacin da hatsi ya fara ciki, gonaki suka bushe a tsaye.

Duk ranar da kuran ya zo, matan unguwa sai su taru a ɗakin Baiwa. Maƙwabciyarta Hajara, mai bakin barkwanci, ita ce ke fara cewa:

"Baiwa, sa mana na kakar nan. Tun da babu a rumbu, mu ga hatsi ko a tele ne."

Baiwa sai ta kwance bakin zane a hankali, kowa na kallonta. Ja ɗaya, dama huɗu, ƙasa biyu, tsakiya. Da 'yan ƙwadagon sun fito sai ta danne mai kibiya biyu. Su yi ta gudu da dammuna a ka kamar an biyo su da bulala, mata su yi ta dariya. Ba ta ɗaga yatsa sai fuskar maigidan ta bayyana.

Takan ce tsoro take kada kuran ya tafi ba ta kai gare shi ba. Akwai gaskiya a ciki. Amma ko ranar da kuran ya wuni, haka take yi.

Cikin masu zuwa akwai Habsatu, wata yarinyar mace da ke soya wa Baiwa gyaɗa. Ita ma mijinta ya rasu, ya bar ta da goyo. Kullum a bakin ƙofa take zama, wajen takalma. Ba ta damu da fim ba, ba ta dariya in ana yi. Sau biyu ta taɓa buɗe baki.

"Inna, da za ki bar farkon ya tafi a hankali."

"Me za ki gani a 'yan ƙwadago?" in ji Baiwa. "Ke kika sayi pil ɗin?"

Daga na biyun ba ta sake magana ba.

Wata Laraba da hantsi kuran ya zo bayan kwana biyar. Mata suka baro surfe suka shigo. Baiwa ta danna ja, akwatin ya tashi, kuran ya ɗauke, ya sake dawowa. Da tele ta haska, abubuwan ciki ba su tsaya inda suka saba ba.

Baiwa ta gani. Ta san ba haka fuskar tele take ba. Amma mata takwas na zaune suna kallon hannunta.

Ta yi dama huɗu, ƙasa biyu, tsakiya. Wa'azi ya fito. Ta koma baya, ta sake. Hajara ta ce:

"Yau kuma Malam ya ƙi fitowa? Ko ya ji ba a dama fura ba?"

Aka yi dariya. Zufa ta keto wa Baiwa. Ledar ta yi santsi a hannunta, ta shiga danna madannan da ba ta taɓa dannawa ba. Can sai ga ƙaramin hoton rumbun ya fito, a gefensa wani jerin rubutu. Ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta danna tsakiya. Wata tambaya ta fito a tsakiyar tele, da ɗan hoton kwando a jikinta.

Habsatu ta miƙe tsaye. Ba a taɓa ganin ta miƙe a ɗakin nan ba.

"Inna, tsaya. Kada ki danna. Wannan kwandon shara ne, irin na salula. Gogewa yake tambaya."

"Wa ya tambaye ki?"

"Don Allah ki ba ni in fitar miki. Madanni ɗaya ne."

Ta miƙo hannu. Hannun duk baƙin kaskon suya ne. Baiwa ta dubi hannun, ta dubi matan.

"Shekara uku ina riƙe da abin nan. Yau mai soya mini gyaɗa ce za ta koya mini kayan ɗana? Koma wajen takalmanki."

Ta gyara zama, ta danna gefe sau ɗaya, ta danna tsakiya.

Wani ɗan layi ya cika, ya ɓace. Hoton rumbun ya ɓace tare da shi. Ta yi ja, ta yi dama, ta yi ƙasa. Fina-finai suna nan. Wa'azi yana nan. Maigidan babu.

Mata suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna neman takalmansu. Habsatu ce ta fara fita, ta ja hijabi ta rufe fuska.

Da la'asar Baiwa ta ɗauki akwatin a ka ta kai wa mai gyaran salula a bakin tasha. Ya duba, ya duba, ya ce abin da aka goge a irin wannan ba ya dawowa. A hanya duk wanda ya tambaye ta sai ta ce kuran ne ya ƙone bidiyon. Ta faɗa wa mutum ya fi goma, alhali mata takwas sun gani da idonsu.

Kwana uku ba ta fita kasuwa ba. Ta zauna tana ƙoƙarin tuna yadda yake faɗin "uwar gidan". Kalmomin suna nan a kanta, amma muryar ta ƙi zuwa.

A rana ta huɗu da safe Habsatu ta yi sallama, da goyonta a baya. Ta durƙusa ta gaishe ta kamar kullum. Sannan ta ciro wata 'yar salula mai tsagaggen gilashi.

"Inna, ki yafe mini, na yi miki laifi. Wata rana da kika kunna, na ɗauki tele da wannan a ƙarƙashin hijabina. Hoton yana rawa, amma ana jin Malam."

Baiwa ta karɓa. Habsatu ta danna mata.

Ga tele can nesa, ga kan Hajara ya tare gefe. 'Yan ƙwadago suka fito. Sai aka ji wata ƙaramar murya tana cewa, "Inna, da za ki bar farkon ya tafi a hankali." Sai wata babbar murya ta amsa, "Me za ki gani a 'yan ƙwadago? Ke kika sayi pil ɗin?"

Mutanen suka yi gudunsu. Maigidan ya fito, hula a gwiwa, yana dariya. Amma babbar muryar ba ta gama ba. Daidai inda yake cewa "yau ba kasuwa ba ce", ta hau kan maganarsa tana mita: "Mutum ya zo kallo gidan mutane, ko tabarma bai kawo ba, har da kafa doka."

Baiwa ba ta taɓa jin muryarta daga waje ba sai ranar. Ta rasa inda za ta sa idonta.

Da ƙyar ta ce, "Me ya sa kika ɗauka? Malam ba danginki ba ne."

Habsatu ta gyara goyo.

"Sule yana ciki, Inna. Baban yarinyar nan. Shi ne na uku, mai jar hula. Ya yi muku ƙwadago a kakar nan tun ba mu yi aure ba. Da ciki ya tafi ramin zinari ya bar ni, can ƙasa ta rufta masa. Ba mu da hotonsa ko ɗaya. Na so in ta yi wayo in nuna mata fuskar ubanta."

"A nan ba ya fitowa?"

"Yana fitowa. Da gudu."

Suka mayar da shi farko. Habsatu ta tsayar da hoton, ta sake, ta tsayar. Sau bakwai suna gwadawa. Abin da ake gani ja-ja ne kawai ya gifta a ƙarƙashin dami. Babu ido, babu hanci, babu baki.

"To da kika ga ya wuce, me ya hana ki kashe?"

"Na bar ta tana ɗauka ko zai sake giftawa a bayan Malam. Bai gifta ba."

Shekara uku fuskar Sule tana zaune lafiya a cikin akwatin nan. Ɗaga yatsa ɗaya kawai ake nema. Baiwa ta ƙi ɗagawa, sannan da yatsan nan ta goge shi. Yanzu ga wadda aka yi wa haka ta tako da ƙafarta ta kawo mata nata mijin.

Baiwa ta kwance bakin zane, ta ciro telekomandin, ta cire masa leda. Ta ajiye shi a kan tabarma tsakaninsu.

"Habsatu, ban iya ba. Ƙidaya kawai na haddace. Ko ranar ma na san ban iya ba."

"Ya wuce, Inna."

"Bai wuce ba. Tashi ki raka ni gidan Hajara."

A tsakar gidan Hajara, gaban masu surfe, Baiwa ta ce ba kuran ne ya ƙone bidiyon ba, ita ce ta goge shi bayan an hana ta. Hajara mai barkwanci ta juya mata turmi ta zauna.

Daga baya mai gyaran salula ya mayar da ɗaukar Habsatu cikin akwatin. Ya ce zai iya yanke wurin da ake faɗan, sai dai zai tafi da rabin maganar Malam. Baiwa ta ce a bari yadda yake.

Har yau in kuran ya zo mata suna taruwa. Telekomandin yana kan tele, duk mai so ya ɗauka. Habsatu ba ta zama wajen takalma kuma. 'Yarta ta fara magana. In jan nan ya gifta sai ta nuna da yatsa ta ce, "Baba."

Ita kuwa Baiwa, duk ranar da ta yi kewar mijinta, sai ta saurari bakinta tukuna kafin ta ji nasa.

Darasi: Faɗin "ban iya ba" ba ya rage wa kowa girma, ƙin faɗinsa ne ke jawo asarar da ba ta gyaruwa. Kuma in wanda ke ƙasa da kai ya roƙe ka ƙaramin abu, ka tambaye shi dalili kafin ka hana, don wurin da kake wucewa da gudu wataƙila shi ne duk abin da ya rage wa wani. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu taurin kai irin na Baiwa, tun yatsansu bai kai tsakiya ba.