Rakiyar Tabawa da Kogin Barza

Dalilin da ya sa Kogin Barza yake tafiya yana komowa a tsakanin duwatsunmu, yara, wata tsohuwa ce mai suna Tabawa.

A da can, kogin nan miƙe yake sambal. Ruwan damina na sauka, sai ya kwasa da gudu zuwa kwari. Ƙananan rafukan da ke gangarowa daga tsaunuka ba sa cim masa, sai su mutu cikin yashi. Kafin acca ta nuna, ƙasa ta bushe.

Wata shekara Mai'unguwa Barau ya ce a tashi, a koma kwari. Kowa ya hau ɗaure kaya, ban da Tabawa. Mijinta da 'ya'yanta duk a gindin dutsen nan suke kwance, ba ta ga wanda za ta bar wa su ba.

Da safe ta ɗauki sandarta ta tari kogin.

"Ɗan nan, haka ake yi a garinku? Baƙo ya wuce ba a taka masa ba?"

Kogi ya ji kunya, ya rage gudu. "Ki gafarce ni, Kaka. Sauri nake yi."

"Na gani. Mu je in raka ka."

Suka tafi, tana ɗingishi, yana bin takunta. Da suka kai bakin gonaki ta tsaya tana haki.

"To, a nan zan juya. Sai dai gwiwar nan... Amma je ka, kada in ɓata maka lokaci."

"Haba, Kaka! In bar ki ki koma ke kaɗai?"

Ya juyo ya rako ta, ya zaga bayan dutse har ƙofar gidanta. Ya yi sallama zai tafi, ta sake ɗaukar sanda.

"Kaka, ina kuma?"

"Rakiya mana. So kake a ce ban da tarbiyya?"

Haka suka yi ta yi, ta kai shi, ya maido ta. Da rafuka suka ga babbansu yana tafiyar tsofaffi, sai suka sauko gaisuwa: mai jan ruwa daga ramin yumɓu, mai sanyi daga kurmin gora, har da wata 'yar ƙorama da ba ta da suna. Duk ya karɓe su. Ƙasa ta sha ta ƙoshi, Barau ya ce a kwance kaya.

Gwiwar kuwa da gaske take ciwo. Kafin a yanke accar shekarar, Tabawa ta kwanta, ba ta tashi ba. Kogi ya zo ƙofarta ya jira, ba wanda ya fito da sanda. Shi kuma bai ga ya dace ya tafi ba sallama ba.

Shi ya sa har yau, in kun hau dutse kun duba, za ku ga Barza yana lanƙwasa yana waiwaye, kuma daidai kufan gidanta ruwan yakan yi zurfi ya yi shiru, kamar mai sauraron taku.