Yadda Tungar Barmo Ta Tsare Mai Ita

A zamanin da ba a fara kiran salla a wannan gaɓa ba, inda babban birninmu yake yanzu babu komai sai kurmi da duwatsu, da kogi mai faɗin da tsuntsu kan huta a tsibiri kafin ya gama ƙetare shi. Dorina ce ke kiwo inda aka gina fadar gwamnati. Inda kasuwar kifi take, kada ne ke shan hantsi. 'Yan boko za su ce maka ba haka aka rubuta ba. Ka tambaye su ko kakanninsu na wurin. Namu dai suna nan.

A cikin wannan daji wani maharbi ya ɓullo daga arewa, sunansa Barmo, yana bin sawun gwankin da ya harba. Yana goye da 'yarsa Tambai, wadda uwarta ta rasu a hanya. Dogo ne, baƙi, ɗaure da guru a ƙugu. Wata tsohuwa mai zama a kogon dutse ce ta ɗinka masa gurun, ladan ruwan da ya yi rani guda yana ɗebo mata. Ta ce muddin yana jikinsa ƙarfe ba zai huda shi ba, haƙori ba zai kama shi ba, haka ma duk wanda ke zaune inda hayaƙin murhunsa ke kaiwa. Sharaɗin ɗaya ne. Ranar da ya ƙetare ruwa mai gudu, a ƙafa ko a jirgi, ranar asirin ya karye.

Gwankin ya faɗa kogi ya haye. Barmo ya tsaya yana kallonsa har ya shige kurmin wancan ƙetaren, sannan ya sauke yarinyar ya kafa bukka.

Masunta ne suka fara raɓarsa, da suka lura kada ba ya ɗaukar kowa a mashigin da ke ƙarƙashin bukkar. Fatake suka biyo baya, sai maƙera, sai masu rini. Da mahara suka zo kamun bayi, an ce kibansu sun zubo a kan rufin bukkoki kamar karan gero, yara suka tsince su suka yi wasa. Wurin ya zama Tungar Barmo, maroƙa suka yi masa kirari: "Barmo ganuwar da ba a gina ba! Uban Tambai, mai sa zaki ya koma da yunwarsa!"

Barmo kuwa yana son kirari, kuma bakinsa ba ya riƙe magana. Wata ranar kasuwa, an cika shi da yabo da ƙwaryar giya, ya kwance sirrin gurun kaf a gaban jama'a, har da sharaɗin. Aka yi dariya aka watse. Anaruwa, shugaban masu fito da jiragen ruwa, shi bai yi dariya ba. Ya adana maganar.

Tambai ta girma, ta ga wani masunci na wancan ƙetaren ta ce shi take so. Uban bai hana ba. Duk ranar kasuwa takan hayo jirgi da busasshen kifi, ta zauna tana tsokanarsa.

"Baba, kai da zaki ke gudu, ruwan da 'yan yaye ke wanka a ciki shi ya gagare ka?"

"Ke dai kawo kifin, 'yar nema. Ni kogi ne ke tsorona, shi ya sa nake raga masa."

A daminar da ta haihu ba ta zo ba. Sai mijinta ya hayo shi kaɗai, ya durƙusa ya ce zazzaɓin jego ya kama ta, ba ta iya ɗaga kai balle a sa ta a jirgi, kuma sunan ubanta kawai take kira.

Barmo ya ɗauki sandarsa ya gangara mashigi. Jirage na nan reras, amma babu filafili ko ɗaya. Tun da aka hango jirgin surukin Barmo, Anaruwa ya sa an kwashe su, aka kuma janye jirgin baƙon aka ɓoye a cikin ciyawa. Zuriyar Anaruwa har yau suna alfahari da wannan dabara, kuma a gaskiya dabara ce.

"Anaruwa, fitar da ni."

"Ruwa ya yi fushi yau, Baba. A bari sai gobe."

"Na ga mata sun haye da tukwane ɗazu."

"Su asararsu ba kamar taka ba ce."

Washegari aka ce jiragen na yoyo. Wanshekare aka ce masu fiton sun tafi biki. Barmo ya sari icce ya fara sassaƙa nasa jirgin, ya juya shan ruwa, ya dawo ya tarar an huda gindinsa. Babu wanda ya yi masa rashin kunya. Suna durƙusa masa, suna yi masa kirari, suna kewaye da shi kamar shinge.

Da ya ga haka sai ya tattare wandonsa ya shiga ruwa da ƙafa, ko ya iya iyo ko bai iya ba. Ruwa ya kai masa gwiwa. Sai wata mai jego ta kutsa ta sha gabansa, ta kwance jaririnta ta ɗora masa a hannu.

"Baba, riƙe mini shi in gyara zani."

Ta juya ta fita, ba ta waiwayo ba. Barmo ya tsaya da ɗan mutane a hannu, ruwa na jan ƙafarsa. Gaba akwai zurfi. Ya dawo gaɓa don ya mayar mata, wata ta miƙo nata. Bayanta wata. Matan tungar suka yi layi tun daga mashigi har bakin kasuwa, kowacce da goyonta, ba mai kallon idonsa. Mutumin da ya sa mahara suka koma hannu wofi, jarirai suka kama shi. Haka aka yi ta yi kullum, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, har ranar da aka ji kukan mata ya biyo iska daga wancan ƙetaren.

Barmo bai zagi kowa ba. Ya miƙa jaririn da ke hannunsa, ya hau tudu ya zauna a ƙofar bukkarsa. Bai cire gurun ba, bai bar murhunsa ya mutu ba, amma bai ƙara amsa kirari ba har ya bar duniya. Aka binne shi da gurunsa a kan tudun, nesa da ruwa.

Tungar ta zama gari, garin ya zama babban birnin ƙasa. Yau akwai gada, motoci da raƙuma na haye ta ba mai tambayar wani. Masu wanki na buga tufafi a kan duwatsun mashigi, masu lambu na ɗiban ruwa, da la'asar ma'aikata kan zauna cin gasasshen kifi suna kallon rana na nitsewa. Baƙo in ya zo mukan kai shi gidan tarihi da babbar kasuwa, mu ce masa garinmu bai taɓa cin wuta a hannun maƙiyi ba.

Daga nan mu hau da shi tudu. Kabarin na can, an tare shi da katangar dutse ta gefen kogi kaɗai. Tsofaffi sun ce duk damina yakan matsa taki ɗaya wajen ruwa. Shi ya sa da an yi ruwan farko mazan unguwanni ke haɗuwa su ƙara wa katangar dutse, masu jego kuma su jera jariransu a kanta na ɗan lokaci, ana guɗa, ana raba waina. Baƙi kan ce al'adar ta burge su, su ɗauki hoto. Kabarin Tambai kuwa yana wancan ƙetaren, wajen da aka yi tashar manyan motoci, babu wanda ya san daidai inda yake.